Inuwar Giginya: A Fita Da 'Yan Makarantar Gaya Ko A Bar Su A Aji?

Shekarun baya, a wata makarantar firamare cikin garin Gaya, mun taɓa yin taron iyaye da ya kai mu gab da magariba, alhali maganar da ta tara mu ba ta fi ta rabin sa'a ba. Wani matashin malami mai riƙe da ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, shi ne ya kawo shawarar a kwashi yaransa a kai su Yamai, su ga gidan tarihi na Bubu Hama, su kwana ɗaya su dawo. Ya zo da lissafinsa a takarda, kuɗin mota kaza, abinci kaza, kowane uba jikka kaza. Yana rufe baki wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Mushe, mu karatu muka kawo su su yi. In yawo ne, ai sun iya shi tun ba su san ƙofar lakwal ba." Aka kwashe da dariya, ban da malamin. Can daga baya wata mata ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ku yi haƙuri ku bar shi ya kai su. Ni da na haifi nawa ban taɓa taka Yamai ba. Shi ma haka zai tashi?"

Tafiyar ba ta yiwu ba, don kuɗi ba su taru ba. Gardamar kuwa tana nan da ranta, duk shekara sai ta dawo a wata makarantar. A ranar ina bayan malamin ɗari bisa ɗari. Yau in aka sake zaman, ba zan yarda da dattijon ba, amma ba zan sa hannu a takardar malamin ba.

Bari in fara da abin da masu son fita ke riƙe da shi, don hujjarsu ba ƙarama ba ce.

Yaron Gaya yana haddace cewa kogin Isa, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira Kwara ko Neja, ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, tsawonsa kusan kilomita 4,200, kuma wajen kilomita 550 daga ciki suna cikin Nijar. Yana rubuta wannan ranar jarrabawa, ya manta bayan mako biyu. Kogin kuwa yana nan a bayan gari. Ka tambayi yaron nan me ya sa ruwa ke ƙaruwa a cikin sanyi, wajen Janairu, alhali rabon Gaya da ruwan sama tun Oktoba, sai ya yi shiru, sau da yawa ma har malaminsa. Amsar tana da daɗi: cikar damina, mai jan ruwa da laka, ta ruwan da ya sauka a kusa da mu ce. Cikar sanyi kuwa ruwan Gini ne, wanda ya sauka watanni da suka wuce, ya bazu a fadamun ƙasar Mali yana jan ƙafa, sai yanzu ya iso mana, ya ajiye lakarsa a hanya. Malamin da ya kai ajinsa bakin ruwa, suka kafa sanda suka yi mata alama da wuƙa, suka dawo bayan mako biyu suka ga ruwa ya haye alamar, ya koyar da labarin ƙasa da lissafi a tafiya guda, kuma babu yaron da zai manta. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma a nan gaskiyarsu.

Tarihi ma haka. Ban san garin da tarihi ke zube a ƙasa kamar Gaya ba, ana taka shi ana wucewa. Gadar da ta haɗa mu da Malanbil an fara gina irinta a 1958, shekara biyu kafin 'yancin kai. Kafin ita, a wannan yanki ne, tsakanin Gaya da Illo, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega ke ƙetare kogi da jakunansu, su bi ta Kandi da Jugu su nufi Gwanja sayen goro. Shi ya sa har yau ake jin Dendanci a kasuwannin arewacin Benin, nesa da kogi. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a Paris a 1898 ita ta bar Illo a hannun Ingilishi, Gaya a hannun Faransa, ta raba dangi ɗaya gida biyu, wannan ya je lakwal, wancan ya je makarantar boko ta Turancin Ingilishi. Ita kanta Malanbil sunan wani gwamnan Faransa na Dahomai ta ci, Henri Malan. Sannan ga tsibirin Lete, a saman Gaya, wanda Nijar da Benin suka shafe shekara arba'in da wani abu suna ja-in-ja a kansa, har kotun duniya ta birnin Heg ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005: Lete na Nijar ne, cikin tsibirai 25 Nijar ta samu 16, Benin 9, iyaka kuma tana bin inda kogi ya fi zurfi. Yaron da ya tsaya a gaɓa aka nuna masa da yatsa cewa ga iyakar ƙasarsa can a tsakiyar ruwa, inda babu katanga babu tuta, ya fahimci ma'anar iyaka fiye da wanda ya zana ta da jan alli.

Akwai kuma abin da ke ɓacewa. Kyangawa, waɗanda ake cewa su ne mutanen farko a wannan ƙasa kafin Dendawa su gangaro daga daular Songhai, suna nan a Gaya da Bana da Yelu, da Kamba da Kyangakwai a ɓangaren Kabi. Amma harshensu ya kusa ƙarewa, jikoki sun koma Hausa da Dendanci. Tsofaffin da ke iya ƙirga ɗaya zuwa goma da Kyanganci ba za su jira mu gama gardama ba.

Duk wannan na yarda da shi. Yanzu ga abin da dattijon nan da ire-irensa ke gani, wanda mu 'yan boko muke saurin yi wa dariya.

Na farko kuɗi ne, kuma a nan ina da tabo. Ina ɗan ajin ƙarshe na firamare aka shirya mana fita zuwa Doso, mu ga fadar Jarmakwai, sarkin garin. Mahaifina bai samu abin da aka yanka wa kowa ba. Mu shida aka bari. Muna tsaye a bakin ƙofa mota ta tashi, abokanmu na ɗaga mana hannu ta taga, aka ce mu share aji mu kwafi darasi. Wannan bai yi mini zafi ba kamar abin da ya biyo baya: ranar Litinin malam ya rubuta a allo cewa kowa ya ba da labarin abin da ya gani a Doso, kuma za a ba da maki. Na rubuta layi uku na ƙarya, na samu maki daidai ƙaryata. Duk lokacin da na ji malami na cewa "ai ba dole ba ne, wanda ke da hali ya biya," sai in tuna ƙofar nan. A ƙasar da uba ke rasa kuɗin littafin rubutu a watan Oktoba, fitar da ake biya tana raba aji gida biyu, kuma yaran sun san wa ke wane ɓangare. Daga Gaya zuwa Doso wajen kilomita 150 ne, zuwa Yamai kusan 300. Babu yadda za a yi wannan tafiya ta zama ta kowa in daga aljihun iyaye za ta fito.

Na biyu tsaro. Masu rubuta takardun talla har yanzu suna lissafa gandun dajin W cikin abubuwan alfaharin yankinmu, kuma ya cancanta: an kafa shi a 1954, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, ga giwa ga ɓauna ga zaki. Da a zaman lafiya ne, kowane ɗan Gaya ya kamata ya ga giwa da idonsa sau ɗaya kafin ya gama kwaleji. Amma dajin ya zama mafakar 'yan bindiga. A Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a ɓangaren Benin sun kashe masu gadin dajin da ke sintiri. Kafin nan, ranar 9 ga Agusta 2020, an kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, a kan hanyar da motar Gaya ke bi in za ta Yamai. Ta gabas kuma, kan iyakar Kabi da Sakkwato, sunan 'yan bindigar Lakurawa ya shiga bakin kowa tun 2024. Uban da ya ce ba zai sa ɗansa a mota da yara hamsin a kai su daji ba, bai yi wauta ba. Mota cike da 'yan makaranta abin da ɓarayin mutane ke nema ke nan.

Ruwa shi ma yana da nasa. Wanda ya tashi a bakin kogi ya san dorina ba ta wasa. A Nuwamban 2014, a Libore kusa da Yamai, dorina ta kifar da kwale-kwale ɗauke da 'yan makaranta, yara 12 suka rasu. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse a Wara ta jihar Kabi da mutane sama da ɗari. Da aka rufe gada bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutanen Gaya da Malanbil suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, kowa ya ga yadda ake lodinsu, mutum kan buhu, buhu kan babur, ba rigar ruwa ko ɗaya. Malamin da ya ce zai ɗora aji a irin wannan don su ga tsibiri, a karɓe masa allin.

Sai dai a nan akwai wata magana da masu cewa a zauna a aji ba sa son ji. Yaran nan na Libore ba yawon buɗe ido suka tafi ba, makaranta za su. Yara kimanin 20 da wuta ta cinye a Yamai a Afrilun 2021, da sama da 20 da ta cinye a Maraɗi a Nuwamban shekarar, a cikin aji suke, ajin zana da kara. Ɗaliban da aka sace a Birnin Yawuri a Yunin 2021, har cikin makarantarsu aka same su. Ban kawo wannan don in ce tunda ko'ina da haɗari to a saki jiki ba. Na kawo shi don mu daina magana kamar aji aljanna ne, waje kuma wuta. Abin aunawa shi ne wace fita, zuwa ina, da wa.

Hujja ta uku ta malamai ce su kansu: lokaci. A takarda shekarar karatu daga Oktoba ce zuwa Yuni. A zahiri ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, kuma ruwan farko na rushe shi. Gaya ce ta fi ko'ina ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, damina na sauka da wuri, iyaye kuma na janye yara zuwa gona. Malami mai yara saba'in ko tamanin, wanda jarrabawa ke jiransa, yana ganin kowace rana da aka fita an ci bashin da ba za a biya ba. Ina tausaya masa. Amma na ga ranaku nawa ke tafiya a banza, yara na rera abin da ba su gane ba cikin harshen da ba su ji. Safiya ɗaya a wata ba ita ke kayar da yaro a jarrabawa ba.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta dattijon nan, kuma na daɗe ina juya ta. Me za ka nuna wa ɗan Gaya a daji? Wannan ba ɗan birnin Paris ba ne da bai taɓa ganin saniya ba. Kafin ya zo aji ya kai awaki kiwo, ya taya ubansa ban ruwa a fadamar shinkafa ta Tara, ko ya ɗaure rake a Bengu, ko ya jefa koma. Waje ya fi malaminsa saninsa, musamman in malamin daga Yamai ko Damagaram aka turo shi. A kwashe shi a kai shi inda yake wuni kullum, a ce masa wannan karatu ne?

Amsata na same ta ne a gindin giginya. Na taɓa bin wani aji zuwa kurmin giginya na Dallol Mauri, da ƙafa, don makarantar ba ta da nisa da shi. Malamin ya tsayar da su ya ce su nuna masa mace su nuna masa namiji. Yaron da ya fi kowa shiru a aji, wanda kullum yake layin baya, shi ya fito. Ya nuna mai 'ya'ya ya ce wannan mace, ya nuna wadda ba ta taɓa haihuwa ba ya ce wannan namiji, kuma azarar namiji ta fi ƙwari, gara ba ta cinta, shi ya sa masu sara ke binsa. Ya tona ƙasa da kara ya nuna yadda ake binne ƙwallon a damina a haƙo muruci bayan watanni. Sai malamin ya jefa tambaya: in an kwashe ƙwallo duka an yi muruci, an sare maza duka an yi azara, wa zai haifi giginyar jikokinku? Aka yi tsit. Sannan ya sa su auna taki ɗari a tsaye, ɗari a kwance, su ƙirga manya su ƙirga ƙanana a ciki. Da suka dawo aji suka jera adadin a allo, su da kansu suka ga inda matsalar take. A wannan safiya yaron layin baya ya gane cewa abin da ubansa ya sani ilimi ne, kuma lissafin lakwal yana da abin da zai ƙara masa. Dattijo ya yi gaskiya, yaran sun san wurin. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne su tsaya su dube shi da tambaya a baki da alƙalami a hannu.

Haka gishirin Foga. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya tsaya ya rubuta yadda ake yin gishirin. Har yau hanyar ba ta sauya sosai ba: a kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba a kwando, a kwarara ruwa, ya tsiyaye a ƙasa, a dafa shi har ya ƙafe. Ɗalibai a jami'o'in Turai suna karanta labarin. Yaran da iyayensu mata ke tsaye a kan wannan wuta, a littafi kawai suke haɗuwa da kalmomin tacewa da ƙafewa, da Faransanci, ba wanda ya ce musu ga shi can a bayan gidanku. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta.

Akwai wani tsoro kuma da ba a faɗa a taro, sai a zaure. Tarihin gari ba shi da baki ɗaya. Ka kai yara wurin dattijon wannan unguwa ya ce kakansa ya sari garin, ka kai su waccan a ce ƙarya ne, kuma a bayan kowane labari akwai maganar sarauta da ta gona da ba ta mutu ba. Daraktan makaranta da ya ce shi ba zai tsokano wannan ba, na fahimce shi. Ni dai ina ganin ga 'yan kwaleji wannan shi ne darasin: su ji bakin biyu, su rubuta kowanne da sunan gidan da aka ji shi, su koyi cewa mai ba da labari yana da inda yake tsaye. Ƙananan 'yan firamare kuwa a bar su da kogi da itatuwa da sana'a tukuna.

Ban manta da 'yan mata ba. Uwa da yawa za ta bar ɗanta namiji ya kwana a wani gari, ba za ta bar 'yarta ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Tafiyar kwana, ko da kuɗinta sun samu, tafiyar maza ce. Fitar da za a yi da hantsi a dawo kafin azahar, da uwa biyu ko uku daga ƙungiyar iyaye mata suna biye, ita ce kaɗai 'yan mata za su shiga ba tare da an yi rigima a gida ba.

Wani abin kuma laifinmu ne mu masu son fita. Na ga fitar da ba ta da maraba da yawon salla: an sa riguna iri ɗaya, an raba biskit da lemo, an yi hotuna an zuba a Facebook, an dawo. Ka tambayi yaro me ya gani, ya ce mota ta yi gudu. In malami bai je wurin shi kaɗai tun kafin ranar ba, bai nemi izinin mai gari ko mai gona ba, bai ba kowane yaro tambayar da zai dawo da amsarta ba, to dattijo ya ci gardama, yawo ne.

Ga inda na tsaya. Kada a kai yara gandun W, kada a kusanci daji mai nisa, kada a ɗora aji a kwale-kwale, har sai hali ya sauya. Kada a shirya tafiyar da za a bar ko yaro ɗaya a ƙofa saboda kuɗi. In wata ƙungiya ko ma'aikatar magajin gari ta ɗauki nauyin aji dukansa zuwa gidan tarihi na Doso ko na Yamai, kuma hukuma ta ce hanya lafiya, madalla, su je, in Yamai ce su ga ƙasusuwan dabbobin da aka haƙo daga hamadar Agadas. Amma kada a zauna jiran wannan. Kowace makaranta a Gaya, Tanda, Tunuga, Bana, Bengu da Yelu tana da abin gani a tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya da ƙafa ba: gaɓar kogi, kurmin giginya, fadamar shinkafa, bukkar gishiri, maƙera, bakin dajin Goru Basunga tare da ma'aikacin gandun daji, ko zauren tsohon da ya yi fatauci. Daga Disamba zuwa Fabrairu rana ba ta da zafi, ruwan Gini kuma yana isowa.

Iyaye da ke cikin kwamitin kula da makaranta, in malami ya zo muku da takardar kuɗin mota, ku tambaye shi abin da ke bayan makarantar da bai kai su ba tukuna. In kuma ya zo ya ce zai fita da su da ƙafa ranar Laraba da safe, ku ba shi izini, ku ba shi mutum biyu su raka shi, ɗaya daga ciki ya zama wanda ya san wurin.